Ƙarar gayya: yadda kotuna ke yanke wa miliyoyin masu saye hukunci ba su sani ba

A shekarar 2002 wasu ma'aurata a jihar Kalifoniya ta Amurka, Vincent da Liza Concepcion, suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin waya da daga baya ya koma AT&T. Tallar da ta jawo su ta ce wayoyin hannu kyauta ne. Da aka zo biya sai ga dala 30.22 na harajin saye, wanda aka lissafa a kan cikakken farashin wayoyin. A 2006 suka shigar da ƙara, aka haɗa ta da ta sauran mutanen da aka yi wa haka. Maganar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, aka yanke hukunci a Afrilun 2011. To amma duk wanda ya karanta hukuncin daga farko zuwa ƙarshe ba zai ga inda aka ce kamfanin ya yaudari mutane ko bai yaudare su ba. Alƙalan ba su taɓa wannan tambayar ba. Abin da suka yi ta muhawara a kai shi ne ko za a bar waɗannan mutane su haɗu su yi ƙara tare.

Haka yawancin manyan hukunce-hukuncen wannan fanni suke. A bakin ƙofa ake gama yaƙin, kafin a kai ga sauraron shaidu.

Dalilin yana cikin lissafi. Kamfanin da ke da abokan ciniki miliyan goma, in ya ƙara wa kowannensu dala uku ba bisa ƙa'ida ba, ya tara dala miliyan talatin. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da zai ɗauki lauya don dala uku, kuɗin shigar da takarda a kotu kaɗai ya ninka ta sau da yawa. Alƙali Richard Posner na kotun ɗaukaka ƙara da ke Shikago ya faɗi wannan a fili a 2004, a wata shari'a da ta shafi mutane miliyan 17. Ya ce in aka hana su haɗuwa, ba ƙararraki miliyan 17 za a gani ba, ko ɗaya ba za a gani ba, domin sai mahaukaci ko mai tsananin naci ne zai je kotu a kan dala 30. Ƙarar gayya ita ce maganin da doka ta samo wa wannan matsala: mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su tsaya gaban alƙali a madadin duk wanda aka yi wa irin abin da aka yi musu.

A kotunan tarayyar Amurka, Ƙa'ida ta 23 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula ita ce ke tafiyar da wannan. Tana nan tun 1938, amma gyaran 1966 ne ya ba ta haƙora. Daga wannan shekara, a ƙarar neman diyya, duk wanda ya faɗa cikin rukunin da aka bayyana yana cikin shari'ar kai tsaye, sai fa in ya rubuto ya ce a cire shi. Nan ƙarfin tsarin yake, nan kuma hatsarinsa yake. Mutumin da bai taɓa jin labarin shari'ar ba, bai zaɓi lauyan ba, bai ga takarda ko ɗaya ba, hukuncin ya hau kansa. In an ci nasara yana da rabo. In an faɗi, ko an yi sulhu a kan kuɗi kaɗan, ya rasa damar ƙara kai kamfanin kotu a kan wannan magana har abada. Saboda haka ne doka ta ce sai alƙali ya amince da rukunin tukuna. Sai ya gamsu cewa mutanen sun yi yawan da ba za a iya kiransu ɗaya bayan ɗaya ba, cewa akwai tambaya guda da ta haɗa su, cewa abin da ya sami wakilinsu irin nasu ne, kuma shi da lauyoyinsa za su riƙe amanar sauran. A ƙarar kuɗi akwai ƙarin sharaɗi: abin da ya haɗa mutanen ya rinjayi abin da ya bambanta su.

Ranar da alƙali ya sa hannu a kan wannan amincewa, shari'ar ta kusa ƙarewa. Kamfanin da jiya yake fuskantar ƙorafin dala talatin, yau yana fuskantar na dala biliyan, kuma shugabanninsa ba kasafai suke yarda su jefa makomar kamfanin a hannun mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci ba. Sai a nemi sulhu. In kuwa alƙali ya ƙi amincewa, lauyoyin masu ƙara sukan tattara takardunsu su tafi. Kamfanoni suna ƙorafin cewa wannan yana tilasta musu biyan kuɗi ko da suna da gaskiya, kuma ba duka maganarsu ce ƙarya ba. Akwai ƙararrakin da ake shigarwa don kawai a tsoratar. Wannan ƙorafi na daga cikin abin da ya haifar da dokar 2005 da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu, wadda ta ba da damar ɗauke manyan ƙararrakin gayya, waɗanda kuɗinsu ya haura dala miliyan 5 kuma mutanensu suka kai 100, daga kotunan jihohi zuwa na tarayya, inda ake ganin alƙalai sun fi tsanantawa.

Tsanantawar ta daɗe da farawa. A 1974, a shari'ar Eisen, Kotun Ƙoli ta ce dole mai ƙara ya aika wa duk ɗan rukunin da za a iya ganowa sanarwa, kuma shi zai biya kuɗin. Mutumin asararsa dala 70 ce, kuɗin aika wasiƙu ga mutum sama da miliyan biyu kuwa dala 225,000. A 2011, a ƙarar da aka shigar a madadin mata kusan miliyan ɗaya da rabi ma'aikatan Walmart, kotun ta ce bai isa a nuna tambaya ɗaya ta haɗa mutane ba, sai an nuna amsa ɗaya za ta warware musu duka. Ba shari'ar masu saye ba ce, amma tun daga ranar lauyoyin kamfanoni ke ɗaga ta a kowace ƙarar talla ta ƙarya ko kaya mai lahani. A 2013 kuma, a shari'ar Comcast, aka ƙara da cewa hanyar da za a bi a lissafa diyya dole ta dace da ainihin laifin da ake zargi.

Duk waɗannan ƙuntata ƙofar suka yi. Hukuncin Concepcion shi ya ba kamfanoni makulli. A cikin yarjejeniyar wayar akwai wani sharaɗi da ya ce duk wata rigima ba kotu za a kai ta ba, wurin mai raba gardama mai zaman kansa za a je, kuma kowa ya je shi kaɗai. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta riga ta yanke a 2005 cewa irin wannan sharaɗi ba ya aiki in an cusa shi cikin yarjejeniyar da mai saye ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya a cikinta, kuma ana zargin kamfani da tsintar ƙananan kuɗi daga hannun jama'a da yawa. Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ture wannan. Alƙali Antonin Scalia ya dogara da wata dokar tarayya ta 1925 wadda ta ce a mutunta yarjejeniyar raba gardama kamar kowace yarjejeniya, ya ce jiha ba ta da ikon yi mata shinge. Ya kuma nuna cewa sharaɗin AT&T yana da sassauci, domin kamfanin ya yi alkawarin biyan aƙalla dala 7,500 ga duk wanda mai raba gardama ya ba shi fiye da tayin ƙarshe da kamfanin ya yi masa. Alƙali Stephen Breyer, wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ya yi tambaya mai sauƙi: wane lauya mai hankali ne zai karɓi wannan shari'a don ladan da zai fito daga dala 30.22?

A ganina Breyer ne ke da gaskiya, kuma shari'ar da ta biyo baya ta tabbatar. A wannan shari'a, wadda aka yanke a 2013, wani gidan abinci mai suna Italian Colors da wasu 'yan kasuwa suka zargi American Express da amfani da ƙarfinsa wajen ɗora musu kuɗi mai yawa a kan karɓar katinsa. Sun nuna wa kotu cewa binciken masanin tattalin arziki da ake buƙata don tabbatar da zargin zai ci ɗaruruwan dubban daloli, watakila ya haura miliyan ɗaya, alhali iyakar abin da gidan abincin zai iya samu in ya ci nasara dala 38,549 ne. Babu wanda ya musanta lissafin. Duk da haka kotun ta ce sharaɗin yana nan daram, kowa ya je shi kaɗai. Tsadar tabbatar da haƙƙi, in ji masu rinjaye, ba ta nufin an ƙwace haƙƙin. Wannan magana ce da ta tsaya a takarda. Haƙƙin da sai ka kashe miliyan kafin ka karɓo dubu talatin da takwas, a aikace ba ka da shi. Ita kuwa dokar 1925, 'yan kasuwa masu ƙarfi ɗaya aka yi tunani a lokacin da ake rubuta ta, mutanen da ke zama su tattauna sharuɗɗa. Wanda ya danna maɓallin amincewa a wayarsa don ya buɗe asusu bai tattauna komai da kowa ba.

Bayan waɗannan hukunce-hukunce sharaɗin ya bazu ko'ina: katin bashi, asusun banki, layin waya, manhajojin intanet. Hukumar da majalisar Amurka ta kafa a 2010 don kare masu hulɗa da bankuna da kamfanonin bashi ta yi nazari, ta fitar da sakamako a 2015. Ta gano cewa a fannonin da ta duba, ƙorafe-ƙorafe kusan 600 kacal ake kai wa masu raba gardama a shekara, a ƙasar da miliyoyin mutane ke ƙarƙashin wannan sharaɗi. Wato ba a karkatar da ƙorafin zuwa wata hanya mai sauƙi ba kamar yadda aka yi alkawari, ɓacewa ya yi. A Yulin 2017 hukumar ta fitar da ƙa'idar hana bankuna amfani da sharaɗin wajen toshe ƙarar gayya. A Oktoban shekarar majalisar dattawa ta soke ƙa'idar da ƙuri'a 51 a kan 50, kuma mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ne ya jefa ƙuri'ar da ta raba.

Lauyoyin masu ƙara sun samo dabara daga baya. Tunda an ce kowa ya zo shi kaɗai, sai suka riƙa tara dubban mutane suna shigar da ƙorafinsu ɗaya bayan ɗaya a lokaci guda. Ga shi kuwa yawancin yarjejeniyoyin sun ɗora wa kamfani mafi yawan kuɗin buɗe kowane fayil. A 2020 Alƙali William Alsup na San Faransisko ya umarci kamfanin DoorDash ya je gaban masu raba gardama da masu kai saƙonsa sama da 5,000, abin da ke nufin biyan kusan dala miliyan 9.5 tun kafin a fara sauraro, ya kuma kira yunƙurin kamfanin na zamewa daga sharaɗin da shi ya rubuta munafunci. A 2021 Amazon ya cire sharaɗin daga yarjejeniyarsa da masu saye bayan ƙorafe-ƙorafe kusan 75,000 sun taru a kansa game da na'urarsa ta Echo. Sai dai dabarar tana aiki ne kawai inda diyyar kowane mutum ta kai a wahala a kanta, kuma kamfanoni da dama sun sake rubuta sharuɗɗansu don rage mata kaifi.

Akwai wata ƙofar kuma, wadda ta shafi wa ke da hurumin tsayawa gaban kotun tarayya tun farko. Shari'ar TransUnion ta 2021 ce ta fi fito da ita. A 2011 wani mutum mai suna Sergio Ramirez ya je sayen mota a Kalifoniya tare da matarsa. Da dillalin ya duba rahoton bashinsa sai ya ce ba zai sayar masa ba, domin sunansa ya fito a jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwayoyi da ma'aikatar kuɗin Amurka ke ajiyewa. Dole matar ta sayi motar da sunanta. Abin da ya faru shi ne, TransUnion, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni uku masu tara bayanan bashin Amurkawa, yana gwada sunan farko da na ƙarshe ne kawai da na jerin, ba ya duba ranar haihuwa ko wata shaida. Kuma tun 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta riga ta kama kamfanin da laifi a kan irin wannan aiki. Mutum 8,185 aka liƙa wa wannan tambari. Wannan na daga cikin ƙararrakin gayya ƙalilan da suka kai ga cikakken sauraro, kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka ba su diyyar sama da dala miliyan 60, kotun ɗaukaka ƙara ta rage ta zuwa kusan miliyan 40.

Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta raba mutanen gida biyu. Mutum 1,853 da aka tabbatar an aika rahotonsu ga wasu 'yan kasuwa, su an ɓata musu suna, suna da hurumi. Sauran 6,332 kuwa, tunda ba a nuna wani ya ga nasu ba, babu cutar da ta same su a zahiri, don haka ba su da abin kawowa kotun tarayya. Alƙali Brett Kavanaugh ya kwatanta lamarin da wasiƙar ɓatanci da aka rubuta aka ajiye a aljihun tebur ba a aika ba. Kwatancen yana da daɗin ji, amma yana da rauni, domin sana'ar TransUnion ita ce sayar da abin da ke cikin aljihun teburin. Alƙali Clarence Thomas, wanda aka sani da ra'ayin riƙau, ya bi sahun alƙalai uku masu sassaucin ra'ayi ya ƙi amincewa. Hujjarsa ita ce majalisa ta ba kowane mutum haƙƙin a yi taka-tsantsan da bayanansa, ta kuma yanka diyyar dala 100 zuwa 1,000 ga wanda aka take wa wannan haƙƙi da gangan, to ina kotu ta samo ikon cewa take haƙƙin ba cuta ba ne? Ya kuma ja hankali cewa nasarar kamfanin tana iya zama ta ɗan lokaci, tunda kotunan jihohi ba dole ba ne su bi wannan ma'auni.

Jihar Illinois misali ce. Dokarta ta 2008 ta hana ɗaukar hoton yatsa ko taswirar fuskar mutum ba tare da rubutaccen izininsa ba, da tarar dala 1,000, ko 5,000 in da gangan ne. A 2019 Kotun Ƙolin jihar ta ce ba sai mutum ya nuna wata asara ta daban ba, karya dokar kaɗai ya isa. A ƙarƙashin wannan doka ne Facebook ya amince da biyan dala miliyan 650 a kan fasahar gane fuska a hotuna, alƙali ya amince da sulhun a 2021, mutane kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida suka nema, kowannensu ya sami kusan dala 400 a biyan farko. Abu iri ɗaya, a wata kotu a kira shi cuta, a wata a ce ba komai.

Duk da haka, wanda ke kare ƙarar gayya bai kamata ya rufe ido daga muninta ba, kuma munin yana fitowa ne a wurin sulhu. A shari'a ta yau da kullum mai ƙara yana sa ido a kan lauyansa. A nan kuwa masu ƙarar ba su ma san suna ƙara ba. Kamfani abin da ya dame shi shi ne jimillar abin da zai biya, bai damu da aljihun da kuɗin zai shiga ba. Lauya kuma yana da iyali da ma'aikata da bashin shekarun da ya yi yana aiki ba a biya shi ba. To in biyun suka zauna a ɗaki, hanya mafi sauƙi ita ce a ba lauya lada mai tsoka, a ba jama'a abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa doka ta ce babu sulhun da zai tabbata sai alƙali ya duba ya ga adalci ne kuma ya wadatar. A wannan zama alƙali ya tashi daga mai sauraron ɓangarori biyu ya koma waliyyin waɗanda ba su zo ba, domin ɓangarorin biyu da ke gabansa bakinsu ya zo ɗaya.

A nan ne nake ganin kotuna suka yi aikin da ya cancanci yabo. A 2013 wani matashi a Ostireliya ya ɗora hoton burodin Subway da ake tallatawa a matsayin mai tsawon ƙafa ɗaya, ya auna shi ya ga inci 11 ne maimakon 12. Nan da nan aka shigar da ƙararraki a Amurka. Bincike ya nuna nauyin ƙullin kowane burodi ɗaya ne, wajen gashi ne wani ke ɗan gajarcewa, wato babu wanda aka rage wa abinci. Maimakon a janye, sai aka yi sulhu: lauyoyi su karɓi dala 520,000, wakilan rukunin dala 500 kowanne, sauran jama'a kuma alkawarin za a riƙa kula da awo. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Shikago, ta bakin Alƙaliya Diane Sykes, ta yi watsi da sulhun, ta ce ba shi da wani amfani ga mutanen da aka yi shi da sunansu. Kotun nan dai a 2014 ta rushe sulhun tagogin kamfanin Pella, inda aka gano babban wakilin masu ƙara surukin jagoran lauyoyin ne, Posner ya kira abin da abin kunya. Alƙalai sun koyi neman wasu alamomi: in kamfani ya yi alkawarin ba zai ƙalubalanci ladan lauya ba, in kuɗin da ba a nema ba zai koma aljihun kamfani, in abin da za a ba mutane takardar rangwame ce da sai sun sake sayen kayan kamfanin kafin ta yi amfani. Yawancin waɗannan hukunce-hukunce ba don alƙalin farko ya farga aka same su ba. Wani ɗan rukunin ne ya tashi ya ce bai yarda ba, kuma lauya Theodore Frank ya yi suna a wannan aiki.

Ko sulhun ya yi kyau a takarda, kai kuɗin hannun mutane wani aiki ne. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta duba sulhu 149 ta fitar da rahoto a 2019. A sulhun da ke tsakiyar jerin, kashi 9 cikin ɗari na masu haƙƙi ne suka cike takardar nema, in kuma aka auna da yawan mutane sai ya sauka zuwa kashi 4. Sanarwar takan zo kamar saƙon 'yan damfara, takardar takan nemi rasit ɗin abin da aka saya shekaru biyar da suka wuce. In kuma mutane suka fito da yawa sai rabon ya tsuke. Bayan satar bayanan mutum miliyan 147 daga kamfanin Equifax a 2017, an sanar a 2019 cewa mutum zai iya neman har dala 125, amma dala miliyan 31 kawai aka ware wa wannan ɓangare, har sai da hukumar da kanta ta fito ta gargaɗi jama'a cewa abin da za su samu bai kusanci haka ba. A wata shari'ar Google kuwa, dala miliyan 8.5 aka amince a biya wa rukunin mutum kusan miliyan 129. Da aka ga rabon kowa 'yan sulalla ne, sai aka miƙa sama da miliyan 5 ga jami'o'i da ƙungiyoyi, lauyoyi suka ɗauki sama da miliyan 2, jama'a ba su ga ko sisi ba. Maganar ta je Kotun Ƙoli a 2019, amma ta mayar da ita ƙasa a kan batun hurumi ba tare da ta ce ko irin wannan rabo ya halatta ba.

Masu adawa da tsarin sukan tsaya a nan su ce ga shi nan, lauyoyi kaɗai ke ci. Amsata ita ce ana auna abin da ma'aunin da bai cika ba. Dala goma da ta shiga hannun mai saye ba za ta canza rayuwarsa ba. Dala miliyan ɗari da ta fita daga hannun kamfani kuwa tana canza lissafin da za a yi a ɗakin taron shugabanninsa a karo na gaba da wani ya kawo shawarar ƙara wani ɓoyayyen caji. Gyaran da ake buƙata shi ne a matsa wa sulhu lamba: a lissafa ladan lauya a kan abin da ya isa hannun mutane a zahiri, a tura kuɗi kai tsaye cikin asusun abokan ciniki duk inda kamfani ke da sunayensu, a hana ragowar komawa gida.

Badaƙalar Volkswagen ta nuna bambancin da tsarin ke kawowa. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, a kan titi kuma hayaƙin ya ninka abin da doka ta yarda har kusan sau 40. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. A Amurka, cikin wata goma sha uku, Alƙali Charles Breyer na San Faransisko ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 14.7. Masu motoci kusan 475,000 aka ba su zaɓin kamfani ya saye motar ko ya gyara ta, da ƙarin diyyar dala 5,100 zuwa 10,000. Gaskiya ne hukumomin gwamnati sun taka rawa babba a wannan, amma ƙarar gayya ce ta sa kuɗin ya bi ta hannun masu motocin. A Jamus, mahaifar kamfanin, inda motocin da abin ya shafa suka haura miliyan biyu, babu irin wannan hanya a lokacin. Sai da majalisa ta yi gaggawar kafa doka, ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 2018, dab da wa'adin shigar da ƙara zai ƙare wa mutane da yawa. A ƙarƙashinta ƙungiyar kare masu saye ce ke shigar da ƙara, kuma sai mutum ya je ya rubuta sunansa da kansa. Sama da 400,000 suka yi rajista. A 2020 aka yi sulhu a kan yuro miliyan 830 ga mutum kusan 260,000, aka yi wa kowa tayin tsakanin yuro 1,350 da 6,257. A Ingila sai a 2022 aka sasanta da masu motoci kusan 91,000 a kan fam miliyan 193.

Wannan ne ya zaburar da Tarayyar Turai ta kafa dokar 2020 da ta wajabta wa kowace ƙasa mamba samar da hanyar ƙarar wakilci ga masu saye, ta fara aiki a Yunin 2023. Turawan sun yi ƙoƙarin kauce wa abin da suke gani ɓarna ce a tsarin Amurka. Ƙungiyoyi da hukumomin da aka tantance ne kaɗai za su shigar da ƙara, wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'a, kuma an bar wa kowace ƙasa ta zaɓa ko mutane za su shiga da kansu ko za a ɗauka suna ciki.

Birtaniya ta buɗe ƙofar shiga kai tsaye a 2015, amma a fannin gasar kasuwanci kaɗai. Da Richard Lloyd ya nemi bin wata tsohuwar hanya don karɓo wa masu iPhone sama da miliyan huɗu fam 750 kowanne daga Google a kan bibiyarsu a ɓoye, Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi a 2021, ta ce sai an nuna abin da ya sami kowane mutum. Babban gwajin sabon tsarin shi ne ƙarar da Walter Merricks ya shigar a 2016 a madadin mutum miliyan 46, yana neman fam biliyan 14 daga Mastercard a kan cajin kati da ya ce 'yan kasuwa sun juye wa masu saye a farashin kaya. Kotun farko ta ƙi amincewa da rukunin. A Disamban 2020 Kotun Ƙoli ta ce wahalar lissafin diyya ba dalili ba ne na hana mutane shari'a, kuma wannan hukunci ya buɗe hanya ga ƙararraki da dama da suka biyo baya. Shi kansa Merricks daga nan ya yi ta rasa muhimman matakai, musamman wajen tabbatar da cewa cajin cinikin ƙetare iyaka da hukumar Tarayyar Turai ta haramta wa Mastercard ne ya ɗaga cajin cinikin cikin Birtaniya. A ƙarshen 2024 aka sasanta a kan fam miliyan 200. Kamfanin da ya zuba kuɗin gudanar da shari'ar ya yi adawa da sulhun, yana ganin an sayar da ita da arha, amma kotu ta amince a 2025. Rabin kuɗin, fam miliyan 100, aka keɓe wa jama'a, da hasashen kowa zai sami fam 45, kuma ba zai wuce 70 ba ko da masu nema sun yi kaɗan. Lissafin fam 45 ɗin ya ginu ne a kan zaton cewa mutum ɗaya cikin ashirin ne zai zo ya nema.